Daga Turken Jaji Zuwa Ƙarfen Sabis: Yadda Murya Ke Isowa Bulumkutu

Matafiyin da ya taso daga Damaturu da la'asar, ya wuce Benishek da Mainok da Jakana da Auno, ya shigo Maiduguri ta Njimtilo da almuru, zai tarar da jajayen fitilu sun riga shi kunnuwa a sararin samaniya. Kafin motarsa ta tsaya a Bulumkutu zai ƙirga su da dama, kowace a kan dogon ƙarfe mai fentin ja da fari. Fentin da fitilar duk don jiragen sama aka yi su, kuma a nan ba ƙawa ba ce, domin filin jirgin saman Maiduguri da sansanin sojan sama maƙwabtan unguwar ne. Yara suna kiran waɗannan turaku ƙarfen sabis, kuma sun yi gaskiya, yawancinsu na kamfanonin wayar salula ne.

Amma kafin a kafa ko ɗaya daga cikinsu, shekaru masu yawa kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, akwai turken da mutanen wannan wuri suka dogara da shi, alhali mafi yawansu ba su taɓa ganinsa da ido ba. Yana can Jaji, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, sama da kilomita 600 daga nan. A lokacin Bulumkutu ƙauye ne a gefen gari, tsakaninsa da tsohuwar Yerwa, wato cikin garin Maiduguri, akwai fili da gonaki. Duk da haka muryar Kaduna tana sauka a cikinsa kowace safiya kamar daga bayan danga take fitowa.

Rediyon farko da Arewa ta sani ba ya buƙatar turke ko kaɗan. Waya ake ja daga gidan rediyo zuwa wani akwati da ake kafewa a bango, ko lasifika da ake ratayewa a dandali, kamar yadda aka fara a Kano a 1944. Inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Mai akwatin ba shi da ikon canja tasha, abin da aka turo shi zai ji. Rediyon 'yan birni ne zalla, na masu zama kusa da ofishin En'e da kasuwa da ƙofar fada. Manomi da makiyayi da masunci ba sa cikin lissafi.

Siyasar jihohi uku ce ta canja wannan. Gwamnatin Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959, ta Gabas ta bi sahu a Inugu a 1960. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ga cewa in ta zauna, wasu ne za su riƙa ba da labarin Arewa da bakinsu. Sai ta haɗa gwiwa da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, wanda ya fara aiki a watan Maris na 1962 da sunan Rediyo Talabijin Kaduna. Ɗakunan shirye-shirye suna cikin garin Kaduna. Manyan na'urorin da ke cilla muryar kuwa, da turakunsu, aka kai su daji, a Jaji.

Me ya sa daji? Amsar tana cikin yadda turken yake aiki, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya.

A tashar matsakaicin zango, turken kansa shi ne eriya. Ba wani abu ake ɗorawa a samansa ba, jikin ƙarfen gaba ɗaya ne ke fitar da sautin, tun daga gindi har ƙoli. Shi ya sa ake tsayar da shi a kan wani gammo na tangaran da ke raba shi da ƙasa, a ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe ta kowane ɓangare, a kewaye shi da shinge, saboda wanda ya taɓa shi yana cikin aiki zai ƙone. Tsawonsa ma ba da ka ake yanke shi ba. Rediyon Kaduna yana kan kilohaz 594, wato tsawon zangonsa kimanin mita 505 ke nan, kuma turken da ya dace da irin wannan zango yakan kai aƙalla rubu'in wannan tsawo, kusan mita 126. A ƙarƙashin ƙasa kuma ana binne wayoyin tagulla masu yawa, su bazu daga gindin turken kamar saiwar bishiya, su cinye fili mai faɗin gonaki da dama. Babu unguwar birni da za ta ɗauki wannan. Dole sai fili, dole sai ƙauye.

Sautin matsakaicin zango yana bin doron ƙasa da rana, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci in na'urar tana da ƙarfi. Da dare kuma sai ya sami wata hanya ta biyu: yana tashi sama, ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki da ke can ƙololuwa, ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Wannan ne dalilin da ya sa dattawa suka san tashar da ba ta kamuwa da azahar takan shigo tangaran bayan isha'i. Gajeren zango kuwa da wannan rufi kaɗai yake rayuwa, dare da rana. Da shi ne sashen Hausa na Kaduna, a kan mita 49, ya tsallake Borno ya shiga Chadi da Kamaru da Nijar, har Hausawan zangon Kumasi da na Sudan suka riƙa aiko da wasiƙun gaisuwa.

Da ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir ya yi araha, sai abin ya zama ruwan dare. Mai shayi ya rataye nasa a jikin tebur, Bafulatani ya saƙala nasa a kafaɗa yana bin shanu, direban babbar mota ya ɗaure nasa kusa da sitiyari. Zaɓi Sonka ya haɗa masoya da 'yan uwan da suka yi shekaru ba su ga juna ba. Jakar Magori ta kawo labaran garuruwa. Samanja na Usman Baba Pategi ya sa bariki ya shiga kowane zaure. Muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun isa rugagen da mawaƙan ba su taɓa takawa ba. A ƙasar Borno, inda Barebari da Shuwa da Babur da Marghi kowa ke da harshensa, wannan turke na Jaji yana cikin abubuwan da suka sa Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha, musamman a unguwannin baƙi irin Bulumkutu, inda leburori da 'yan ci-rani daga ko'ina suke sauka.

Masu neman mulki sun fahimci darajarsa tun da wuri. Ranar 15 ga Janairu 1966, bayan an kashe Sardauna, ta Rediyon Kaduna ne Manjo Chukwuma Nzeogwu ya yi wa Arewa jawabi. Turken da aka kafa don muryar Firimiya shi ya ɗauki muryar wanda ya jagoranci kashe shi, ya kai ta har bakin Tafkin Chadi.

Talabijin dai bai samu irin wannan fiffike ba. Hotonsa, kamar sautin FM, a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ba ya lanƙwasawa ya bi ƙasa, ba ya dawowa daga sama. Iyakar inda ƙolin turke yake hango, nan ne iyakarsa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Maiduguri, turke mai tsawon mita 100 yana kai wa kimanin kilomita 40, ko fiye da haka kaɗan in mai kallo ya ɗaga tasa eriyar. Wanda yake son ya ninka wannan nisa sau biyu, sai ya ninka tsawon turken sau huɗu. Shi ya sa talabijin ɗin Kaduna ya tsaya a Kaduna da Zariya, daga baya Kano, Borno kuwa sai labari. Shi ya sa kuma wasu ƙasashe suka shiga tseren tsawo: Amurka ta kafa turken talabijin mai mita 628 a filayen Dakota ta Arewa a 1963. Dogon turke kuma ba ya rasa haɗari. Na Emley Moor a Ingila ya faɗi a watan Maris na 1969 saboda nauyin ƙanƙara, na rediyon Poland mai mita 646 ya rushe a 1991 ana tsakiyar canja masa igiya. A nan ba ƙanƙara ake tsoro ba, iskar farkon damina ce da tsawa, da ƙurar hunturu mai toshe na'urori, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta zama ta Jihar Borno a 1976. A daidai wannan lokaci gwamnatin soja ta ƙwace duk gidajen talabijin na ƙasar ta haɗa su a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ta zama NTA, aka kuma shiga buɗe tasha a kowace hedkwatar jiha. Ta haka Maiduguri ta sami nata turken talabijin. A 1978 aka yi wa rediyo irin wannan garambawul: Kaduna ta koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya, FRCN, tare da gajeren zangonta, ƙananan tashoshin jihohi kuma aka miƙa su ga gwamnatocin jiha.

Sai aka shiga Jamhuriya ta Biyu, turke ya zama makamin siyasa a fili. Jam'iyyar NPN ce ke mulkin tarayya a Legas, amma Borno ta zaɓi GNPP ta Waziri Ibrahim, Muhammadu Goni ya zama gwamna a 1979. A watan Janairun 1980 jami'an tarayya suka kama shugaban masu rinjaye na majalisar jihar, Shugaba Abdurrahman Darman, suka tsallakar da shi Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa. Gwamnatin da aka yi wa haka ba za ta yarda labarinta ya riƙa fitowa ta bakin tashar tarayya kaɗai ba. Goni ya kafa gidan rediyo da talabijin na jiha, BRTV, kamar yadda Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano. Garin da bai daɗe da samun turken talabijin ɗaya ba sai ga shi da biyu, kowanne da irin labarin da yake bayarwa.

A cikin wannan zamani ne sunan Bulumkutu ya fara fita duniya, kuma ba ta hanya mai daɗi ba. A ƙarshen Oktoban 1982 mabiyan Maitatsine da suka tsere daga Kano bayan rikicin Disamban 1980 suka gwabza da 'yan sanda a nan, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mutanen ƙauyukan kewaye, da ma na cikin gari da suka kulle ƙofofinsu, ta akwatin rediyo suka riƙa bin abin da ke faruwa a bayan gidansu: a murɗa Kaduna, a murɗa sashen Hausa na BBC da ke aiki tun 1957, a murɗa Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979, a gwada maganar wannan da ta wancan. Wannan ɗabi'a ta auna labari a ma'auni biyu ko uku ta zauna wa mutanen Borno har yau.

Wanda ya tashi a gefen Maiduguri a shekarun 1980 zai tuna yadda ake kama talabijin. A sami doguwar gora ko bututun ƙarfe, a ɗaura eriya mai haƙarƙari a kai, a kafa a jikin katanga. Yaro ɗaya yana waje yana juya gorar, wani yana ciki yana kwala masa kira: ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. Inda babu wutar NEPA, batirin mota ne ke ɗaukar nauyi. Gida ɗaya mai talabijin yakan tara yaran layi guda a tsakar gida. Kowace gora a cikin waɗannan tana fuskantar wuri ɗaya ne, inda turken yake, ko da mai gidan bai san tsawonsa ko wanda ya hau ya ɗaura shi ba.

Abin da ya faru bayan haka ana kiransa ci gaba, kuma ta wani ɓangaren ci gaban ne. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Gwamnatin Obasanjo ta baza tashoshin FM na tarayya a jihohi, Maiduguri ta sami Peace FM. Jami'ar Maiduguri ta buɗe Kanem FM, wasu masu zaman kansu suka biyo baya. FM ya fi tsabtar sauti, ya fi arahar kafawa, ba ya cin wuta kamar manyan na'urorin da, kuma ƙaramar wayar hannu ma tana kama shi. Mazaunin Bulumkutu a yau, wanda gari ya riga ya haɗiye unguwarsa, yana da zaɓin da kakansa bai yi mafarki ba.

Amma a ɗauki taswira a zana da'irar kilomita 40 ko 60 a kewayen Maiduguri, a ga abin da ya rage a waje. Borno ta kai faɗin murabba'in kilomita kusan 70,000. Bama tana nesa da kimanin kilomita 70, Monguno da Gwoza sun haura 130, Biu ta kusa 190 kuma tana kan tudu, Baga ta fi haka. Yawan tashoshi a cikin birni bai ƙara wa mutumin Abadam ko Kala-Balge komai ba. Yayin da kuɗi da hankali suka koma kan FM, tsofaffin na'urorin matsakaici da gajeren zango a faɗin ƙasar nan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya: babu kayan gyara, babu man janareta, ɓarayi suna tone tagullar da ke binne, masu filaye suna cin gefen shinge. Turken da aka ƙirƙiro don ƙauye shi aka bari ya lalace, aka yawaita wanda ke yi wa birni hidima. Wannan ba ƙaramin rashin adalci ba ne, kuma da wuya a ji an tattauna shi a majalisa.

Jaji ma bai tsira ba. Sai da gwamnatin Japan ta kawo tallafi a ƙarshen shekarun 2000 aka kafa sabuwar na'urar matsakaicin zango mai kilowat 200 a can. Gajeren zangon kuwa ya koma yau a ji shi, gobe shiru.

Rikicin Boko Haram ne ya nuna tsadar wannan sakaci. Ranar 22 ga Oktoba 2011 aka harbe Zakariyya Isa, ɗan jarida kuma mai ɗaukar hoto na NTA Maiduguri, a ƙofar gidansa a nan Bulumkutu. Ƙungiyar ta ɗauki alhakin kisan, ta zarge shi da leƙen asiri, zargin da abokan aikinsa suka musanta. Mutum ne daga cikin waɗanda aikinsu ke hawa turken nan kowane dare ya sauka a gidajen jama'a. Bayan mutane sai aka juya kan ƙarfen kansa. A farkon Satumban 2012 aka bi turakun wayar salula a Borno da Yobe da Bauchi da Gombe da Kano ana cinna musu wuta, ƙungiyar ta ce kamfanonin suna taimaka wa jami'an tsaro gano maɓoyarta.

Sai kuma gwamnati ta kashe sauran da hannunta. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 14 ga Mayu 2013, sojoji suka sa aka rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa. Yobe da Adamawa sun sami nasu a watan Yuli, Borno kuwa ta ci gaba da zama a rufe har Disamba, watan da aka kai hari sansanin sojan sama da ke maƙwabtaka da Bulumkutu. A tsawon waɗannan watanni mutum yakan shiga mota ya tafi Damaturu, a kan hanyar da ake tare matafiya, don kawai ya gaya wa ɗan'uwansa cewa yana raye. Turakun sabis suna tsaye, fitilunsu na ci, amma kurame ne. Abin da ya rage a hannun talaka shi ne tsohon akwatin nan mai batir biyu.

Masu aikin agaji sun lura da haka. Da aka kafa Dandal Kura a 2015 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, don yin magana da mutanen yankin Tafkin Chadi da Barbarci da Hausa, ba a zaɓi FM ba. Gajeren zango aka zaɓa. An fara haɗa shirye-shiryen a Kano kafin a dawo da su Maiduguri, amma na'urorin da suka riƙa watsa su a lokacin na haya ne a ƙetare, ciki har da na tsibirin Ascension da ke tsakiyar Tekun Atlantika, inda BBC ke da tashar cilla shirye-shirye tun 1966. Wato muryar da aka naɗa a Yerwa sai ta yi tafiyar sama da kilomita 3,500 zuwa tsakiyar teku, sannan ta juyo ta sauka a Kukawa da Damasak. Dalili ɗaya ne: turken da ke cikin teku babu wanda zai ƙona shi, kuma a gida babu wanda ya rage da zai iya wannan aiki da tabbaci.

Akwai wani irin turke na uku da duk sauran suka dogara da shi, wato na wutar lantarki. A watan Janairun 2021 aka tarwatsa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. Aka gyara a ƙarshen Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake dasa musu bam. Maiduguri ta daɗe cikin duhu, har aka gina mata tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. A irin wannan hali kowane awa da tasha ta yi a kan iska man janareta ne ake ƙonawa, kuma babbar na'ura ta fi ƙarama ƙishirwa nesa ba kusa ba. Shugaban gidan rediyon da kuɗinsa ba su kai ba, wadda zai fara kashewa ita ce mai kai wa ƙauye.

Talabijin na turke shi ma yana tsaka mai wuya. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa tsarin dijital, Nijeriya ba ta cika ba. An fara gwaji a Jos a watan Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kano sai a 2021. Kafin aikin ya zagayo, jama'a sun yi gaba. A rufin gidajen Bulumkutu farantan tauraron ɗan'adam sun maye gurbin gora, suna kallon sama maimakon kallon gari, matasa kuma suna kallon labarai a Facebook ta ƙarfen sabis.

Duk wannan yana buƙatar wuta, ko kuɗin data, ko turke a kusa da yake aiki. Iyalan da gwamnatin jiha ta mayar garuruwansu bayan rufe sansanonin gudun hijira na Maiduguri, da dama sun koma inda ɗaya daga cikin ukun nan, ko duka, ba shi da tabbas. Su ne suka fi kowa buƙatar jin wace hanya ce ta buɗe, yaushe za a raba taki, ina ake rigakafi, wane kogi ne ya cika. Na'urar matsakaicin zango guda ɗaya mai ƙarfi, da aka kafa a wajen Maiduguri aka tsare ta aka ba ta wuta, za ta kai musu wannan da harsunansu, kuma kuɗinta ba zai kai na gadar sama guda ba. Injiniyoyin da suka san aikin suna ta yin ritaya, kuma ba a cika koyar da matasa hawa irin wannan turke da daidaita shi ba.

A kasuwar Bulumkutu har yanzu ana sayar da rediyo. 'Yan China ne, ƙanana, masu tocila a gefe da faifan sola a baya, da ramin saka katin waƙa. Ɗan birni yakan duba ƙarar lasifikar ne da kyan fitilar. Wanda zai koma Gubio ko Dikwa kuwa yakan zaro siririyar eriyar har ƙarshenta, ya tura maɓallin zuwa gajeren zango, ya kara akwatin a kunne yana murɗawa a hankali. Sai ya ji wata murya ta fito daga cikin shuu ɗin, sannan ya tambayi kuɗi.